Naƙasassu a Nijar: doka ta ware musu kashi 5 na guraben aiki, amma ƙofar ofis har yanzu da matakala

Duk wanda ya bi ta bakin babbar kasuwar Maraɗi ko ta wata mahaɗar tituna a Yamai ya san wannan hoton: guragu a kan kekensu na hannu, makafi da ɗan jagora, ana jiran sadaka. Ido ya saba da shi har mutane da dama suna ɗaukar bara ita ce sana'ar mai naƙasa. Dokar ƙasa kuwa wani abu daban ta ce, kuma ta daɗe da faɗarsa.

Tun ranar 2 ga Maris 1993 Nijar ta kafa doka mai lamba 93-012 kan kare haƙƙin naƙasassu, aka yi mata gyara a 2010. A cikinta ne aka wajabta wa duk ma'aikata, ta gwamnati ko ta ƴan kasuwa, mai ma'aikata 20 ko fiye, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Lissafin ba wuya: kamfani mai mutum 20, gurbi ɗaya, mai mutum 100, gurbi biyar. A 2008 ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, sannan a Disamban 2019 aka ƙara wata doka mai lamba 2019-62. A takarda dai ba a bar mu a baya ba.

Gwamnati ta ɗauki wasu masu takardun shaidar karatu daga cikinsu aiki a ma'aikatunta, wannan abin yabo ne. Sai dai mai karatu ya gwada da kansa: ya shiga banki, ko kamfanin sufuri, ko babban kanti, ya ƙirga ma'aikata, ya duba ko akwai mai sanda ko keke a bayan tebur. Kafin ma a kai ga tebur, sau da yawa matakala uku ko huɗu ne ke tarbar mutum a ƙofa.

Matsalar ta faro ne tun daga lakkwal. Ba a ɗaukar mutum aikin ofis sai da takarda, takarda kuma sai an zauna aji. Akwai makarantar makafi ta Soli Abdourahamane a Yamai, akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram, amma duk a manyan birane suke. Yarinyar da aka haifa kurma a wani ƙauye na Dakoro ko Tanut, wa zai koya mata maganar hannu? Yaron da shan inna ya shanye wa ƙafa, idan makaranta na da nisan kilomita uku cikin rairayi, a gida zai zauna. Idan ya girma ba ya da takarda, sai mai kamfani ya ce ya nemi naƙasasshe mai ilimi bai samu ba. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ta fi ciwo.

Ko adadinsu ma abin dubawa ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum 715,497 masu naƙasa, wato kashi 4.2 cikin 100 na ƴan ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ƙiyasta kashi 16 cikin 100 a duniya baki ɗaya. Da wuya a ce Nijar, da ta sha fama da shan inna da sanƙarau da kuturta da ciwon ido, ta fi sauran duniya lafiya har ninki huɗu. Ma'aunin ya bambanta, haka ne, amma kowa ya san gidajen da ake ɓoye yaro mai taɓin ƙwaƙwalwa a ƙuryar ɗaki idan baƙo ya yi sallama. Wanda ba a ƙirga ba, ba ya cikin kasafin kuɗi.

Wariyar ma tana da tarihi a biranenmu. Unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta samo asali ne daga wurin da aka keɓe kutare, kuma har yau jikokinsu, masu cikakkiyar lafiya, suna ɗauke da tambarin sunan unguwar idan sun je neman aiki ko aure.

Tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa, FNPH, ta daɗe tana kiran a aiwatar da dokokin da ake da su. Kowace shekara ana taruwa ranar 31 ga Yuli, ranar naƙasassu ta ƙasa, da ranar 3 ga Disamba ta duniya. Ana jawabai, ana raba kekuna da buhunan shinkafa, ƴan jarida mu ɗauki hoto mu watse. Keken yana da amfani, babu musu. Amma kyauta ce, mai bayarwa ke zaɓar ranar da zai bayar. Gurbin aiki na kashi 5 haƙƙi ne, ana iya tambayar mai kamfani ina yake.

Wani ɓangaren kuma ba ya jiran gwamnati. Ƴan uwanmu da ke Abijan, Akra, Libiya ko Turai suna aiko da kuɗi ana gina shaguna, masallatai da makarantu masu zaman kansu a Tawa da Maraɗi da Damagaram. Gangaren siminti a bakin ƙofa, wanda keken gurgu zai hau, bai wuce ƴan buhunan siminti da yinin magini ɗaya ba idan an sa shi tun a zanen gini. In an gama gini kuwa, sai an fasa dakali kafin a yi shi.