Turbo Ba Ya Mutuwa Haka Kawai

Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Jebba da Kontagora, ta ratsa Yelwa ta nufi Koko da Jega har Sakkwato, ita ce jijiyar kasuwancin ƙasar Yauri. Albasar fadamun bakin Kwara da shinkafa da busasshen kifin tafkin Kainji, duk a bayan Kanta da DAF da Howo suke fita. Motocin nan gas suke sha, kuma da yawansu suna ɗauke da turbo. Ranar da ya lalace, mota cike da albasa takan kwana a gefen titi, kaya na ruɓewa, mai mota na neman rance.

Aikin turbo ba shi da wuyar fahimta. Inji ba ya ƙona mai sai da iska, kuma gwargwadon iskar da ya samu gwargwadon ƙarfinsa. Turbo fanka biyu ne a kan sanda guda: hayaƙin da ke hanyar fita salansa shi ke juya ta farko, ta biyun kuma ta zuƙo iska ta danna ta cikin inji. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa dabarar rajista a 1905. Sandar takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, a ƙananan motoci ma ta haura 200,000, ga hayaƙi mai zafin da kan kai digiri 700 yana dukan gefe guda. A irin wannan gudu ƙarfe ba zai iya gogar ƙarfe ba. Sandar tana shawagi ne a kan ɗan siririn baƙin mai da inji ke turo mata, kuma ransa gaba ɗaya a nan yake.

Shi ya sa kamfanin Garrett, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera shi, yake cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na lalacewar turbo daga baƙin mai take tasowa, ko ya yi ƙaranci ko ya gurɓata. A wajenmu ana jinkirta juye har mai ya yi kauri, ana kuma sayen na gora a bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba. Direba ya kwaso zafi tun daga Kontagora, yana isa tasha sai ya kashe mota nan take. Mai ya daina gudana alhali turbo na nan jajir, ragowar da ke ciki ya ƙone ya toshe siririn bututun da ke kawo shi. Da ya bar inji yana aiki a tsaye minti biyu ko uku, da bai kai ga haka ba. Da asuba kuma a tayar da mota a taka totur tun mai bai hau ba.

Sai ƙura. Wanda ya san hanyoyin ƙauyukan Shanga da Ngaski a lokacin hunturu ya san abin da filtar iska ke sha. Yaran gareji kan fesa mata iska mai ƙarfi a mayar, wani lokaci takardar ta yage ba a lura ba, yashi ya riƙa cin bakin fankar. Shi kansa gas ɗin yana da nasa laifi. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa irin gurɓataccen gas da ake shigowa da shi Afirka ta Yamma. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da sinadarin salfa har 3,000 cikin miliyan, Turai kuwa 10 kacal. Sai a 2020 ECOWAS ta amince a sauko zuwa 50. Salfa mai yawa yana saurin lalata baƙin mai.

Turbo yakan yi gargaɗi kafin ya tafi: kuka kamar jiniya, shuɗin hayaƙi, mota ta kasa hawan tudun da ta saba, mai na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Mafi haɗari shi ne ya fara tura baƙin mai cikin inji, inji ya riƙa ƙona shi yana ƙara gudu ko an zare makulli. Idan haka ta faru, a sa babbar giya, a danne birki, a saki kulochi ya mutu.

Maganar garanti kuwa, sabuwar mota takan zo da na shekara uku ko kilomita 100,000. Namu akasari 'yan Beljiyam ne, garantinsu ya ƙare tun suna Turai. Komai daga aljihun mai mota zai fito, kayan kuma da dala ake shigo da su: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Sabo na asali ya fi ƙarfin yawancin mutane, sai a aika Ladipo a Legas, ko Fanteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano a sayo na gwanjo da alkawarin baki na 'yan kwanaki. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mutum damar mayar da kaya maras kyau, amma wanda bai karɓi rasit ɗauke da lambar kayan ba, da me zai kafa hujja?

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaura sabo ba a nemi abin da ya kashe tsohon ba. Bututun mai na nan a toshe, filta na nan a yage, bayan 'yan makonni a sake biya, a ce mai kaya ya yi cuta. Bakanike na ƙwarai zai canza bututun, ya yi juye da sabuwar filta, ya wanke hanyoyin iska, ya ɗiga mai cikin turbo kafin a tayar. Masu motoci ma su duba tsarin balas. Muddin daga abin da direba zai kai gida ake cire kuɗin juye, to za a ci gaba da jinkirta shi. Gara mai mota ya ware kuɗin da kansa, ya sayi man da hannunsa, a rubuta kilomitar da aka zuba shi.