Yadda Ake Tsara Ɗan Ƙaramin Layin Dogo a Jikin Bangon Aji

Layin dogon da ya tashi daga Kano ya isa Nguru a shekarar 1930, ya ratsa ƙasar Haɗejiya ta Malam Madori da Birniwa. Tsawonsa kimanin kilomita 230 ne. Makarantar da ke son ɗalibanta su fahimci wannan layi da fadamar da ke kusa da shi tana iya ƙera ɗan ƙaramin samfurinsa a kan kanta da aka kafa a jikin bango, ta zagaye aji. Amfanin kanta shi ne ba ta cin filin kujeru. Sai dai aikin yakan lalace idan aka kira kafinta kafin a yi lissafi.

Lissafi na farko shi ne na ma'auni. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya, wanda ake kira HO, yana rage kowane abu sau 87. Faɗin tsohon layin dogon Nijeriya milimita 1,067 ne, don haka a samfuri zai koma kimanin milimita 12. Aji mai tsawon mita 8 da faɗin mita 6 yana da zagayen mita 28, wato daidai da kilomita 2.4 kacal na ainihin layi. Ke nan Kano zuwa Nguru ba za ta shiga ɗaki ba. Dole ne a yi zaɓi: bango ɗaya tashar Malam Madori, na biyu gonakin gero, na uku fadama da shinkafa da ciyawar kacala, na huɗu tashar Nguru.

Na biyu shi ne siffar kanta. Faɗin santimita 30 zuwa 40 ya wadatar, domin hannu ya kai ko'ina. A kusurwa kuwa sai an ƙara faɗi, saboda jirgi ba ya karya kwana kamar keke. Yana buƙatar lanƙwasa mai faɗi, in ba haka ba taragu su sauka daga layi. Hawa kada ya wuce santimita 2 a kowace mita. A bakin ƙofa ana yin gada wadda ake ɗagawa a mayar.

Na uku ya shafi ilimin halittu. Katako daga jikin bishiya ya fito, kuma ƙwayoyinsa suna ci gaba da shan laima ko bayan an sare shi. A yanki irin na Haɗejiya yakan kumbura da damina, ya motse da hunturu, sai layi ya karkace. Maganin wannan shi ne a zaɓi busasshen katako, a shafe shi da fenti ciki da baya, a kuma bar ɗan tsaga a mahaɗar ƙarafan layi. Bugu da ƙari, gara tana cin katako, tana kuma gina hanyarta ta ƙasa a jikin bango. Saboda haka gara a ɗora kanta a kan matokaran ƙarfe, a riƙa duba bangon a kai a kai.

Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, ya kamata malami ya sa ɗalibai su auna ajin, su zana tsarin a takarda, sannan su shata shi da alli a jikin bango. Gyaran kuskuren alli tsumma kawai yake buƙata.