Amsoshin Wasiƙunku: Ba A Yi Wa Fayif Ɗin Birki Faci

Wani mai saurarenmu daga Funtuwa ya rubuto cewa tsohuwar Pijo 504 ɗinsa tana shan man birki. Makanike ya ce fayif ne ya yi tsatsa, wai a liƙe shi da walda. Yana tambaya ko ya yarda.

To Malam, kada ka yarda. In ka taka birki, mai ne ke bin fayif da matsi daga masta zuwa ƙafafu huɗu. Faci ba ya jure wannan matsi; ran da ka taka da ƙarfi, ran nan zai fashe. Kuma in tsatsa ta huda wuri ɗaya, sauran ma sun kusa. Sai a duba su duka, har da tiyon roba na kusa da taya.

A sa sabon fayif wanda aka yi don birki. In an ɗaura, a fitar da iska, a fara da tayar da ta fi nisa da masta. Man kuwa DOT 3 ko DOT 4 za a zuba. Yana tsotsar danshi, shi ya sa ake canza shi duk shekara 2. Ruwan sabulun da wasu ke zubawa kuwa, shi ke cinye fayif ta ciki.

Kafin ka ɗau iyali, taka birki ka riƙe. In yana nutsewa a hankali, aiki bai ƙare ba, ka koma gareji.

Allah ya tsare hanya, amin.