Bayani kan hannun jarin iskar haidurojin, ga masu niyyar zuba kuɗin kaka

Ya ku 'yan kasuwa da manoman Madobi, Kura, Bunkure da kewaye. Bayan farashin hatsi, ga bayani kan wata haja wadda ba a aunawa da tiya, amma tambaya a kanta ta yi yawa a rumfuna. Samari suna nuna mana a waya, wai a sayi hannun jari a kamfanonin iskar haidurojin da na wutar sola, wai nan duniya ta dosa, kuɗi zai ninka. To, kafin mutum ya kwance kuɗin shinkafarsa, ya kamata ya san abin da zai saya.

Ita haidurojin iska ce mai cin wuta, kuma idan ta ci ba ta barin hayaƙi, sai tururin ruwa. Ba baƙuwa ba ce a gonakinmu, ko da ba mu san sunanta ba. Takin yuriya da muke watsa wa shinkafa da masara, da ita ake haɗa shi. Masana'antar taki ta Dangote da aka buɗe a Legas a 2022, da ta Indorama a jihar Ribas, daga iskar gas suke ciro ta. Wannan ita ce tsohuwar hanya, tana da araha amma tana fitar da hayaƙi. Sabuwar hanya kuwa, wadda ake ta yi wa talla, ita ce a saki wutar sola ko ta injin iska cikin ruwa, ta raba shi, a kwashi haidurojin. Kilo ɗaya yana cin ruwa kamar lita 9 da wuta kamar yunit 50. Saboda haka kuɗinta ya ninka na tsohuwar hanya sau biyu, wani wurin ma fiye. Duniya tana amfani da haidurojin kusan tan miliyan 100 a shekara, amma wadda ake samu ta tsabtatacciyar hanya ko kashi ɗaya cikin ɗari da ƙyar take kaiwa.

To ina mai saye? Kowane ɗan kasuwa ya san ba mai barin buhu mai araha ya ɗauki mai tsada alhali hatsin iri ɗaya ne, sai fa in wani ne zai cika masa ragowar. Mai cikawar nan ita ce gwamnati. A 2022 Amurka ta yi doka cewa za ta tallafa da abin da ya kai dala 3 a kan kowane kilo na mai tsabta. A 2025, da mulki ya sauya hannu, aka yi wata doka ta gajarta wa'adin tallafin.

Dattawan yankin nan sun ga irin wannan da idonsu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ruwa ya sauko Kadawa da Kura, ana noman alkama da rani. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, farashi ya tashi, kowa ya koma alkama, har da waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. A 1992 aka ɗage hanin, alkamar waje ta dawo ta cika kasuwa. Alkamarmu ba ta lalace ba, ƙasar ma ba ta gaji ba. Doka ce ta ɗaga farashin, doka ce ta sauke shi, wanda ya ci bashi a tsakani shi ya kwana ciki. Hannun jarin haidurojin a kan irin wannan turken yake ɗaure, sai dai shi turken nasa yana wata ƙasa, inda ba mu da ƙuri'a ba mu da mai gaya mana labari da wuri.

Ga misali biyu. Kamfanin Plug Power na Amurka, a watan Janairu na 2021 hannun jarinsa ɗaya ya haura dala 70. A watan Mayu na 2025 bai kai dala ɗaya ba. An kafa shi tun 1997, kuma har zuwa wannan faɗuwa bai taɓa rufe shekara da riba ba. Kamfanin gaske ne fa, yana da ma'aikata, yana sayar da kaya, amma abin da yake kashewa ya fi abin da yake samu. Na biyu shi ne Nikola, mai alkawarin tireloli masu tafiya da haidurojin. A 2020 darajarsa a kasuwa ta ɗan zarce ta kamfanin Ford, alhali bai sayar da tirela ko ɗaya ba. Daga baya ta fito fili cewa motar da aka nuna tana gudu a hoton talla, gangara aka sake ta. A Fabrairun 2025 kamfanin ya bayyana karyewarsa gaban kotu.

Ma'anar hannun jari dai tarayya ce. Ka sa kuɗinka, ka zama mai ɗan rabo a kamfani, in an ci riba a ba ka, in an faɗi a faɗi da kai. Malamai da yawa sun halatta shi idan sana'ar kamfanin halal ce kuma bashin ruwa bai rinjaye shi ba, wannan kuwa sai a kai wa malami takardun kamfanin ya duba. Amma duk wanda ya ce maka ka kawo dubu ɗari, kowane wata ga kaza tabbas, wai daga gonar sola ko haidurojin, wannan ba hannun jari yake sayarwa ba. Mun ga MMM a ƙarshen 2016, mun ga CBEX a Afrilun 2025, suna ne kawai ke sauyawa.

Su manyan kamfanonin haidurojin a kasuwannin Amurka da Turai ake cinikinsu, da dala ko fam ko kuɗin ƙasar. Watau mai saye daga nan yana ɗauke da kaya biyu, tashi da faɗuwar kamfani, da kuma tashi da faɗuwar naira. A kasuwar hannun jari ta Legas akwai kamfanonin lantarki irin su Geregu Power da ya shiga a 2022 da Transcorp Power a 2024, amma su gas suke ƙonawa, kada wani ya sayar maka da su da sunan sola.

A ganinmu, jarin wuta mai tsabta da ɗan yankin nan zai iya lissafawa da kansa shi ne wanda ke bakin rijiyar gonarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, injin ban ruwa ya zama shi ne mai cinye ribar ɗan rani, musamman wanda gonarsa ke nesa da kwatar ruwa. Injin sola yana da tsada a farko, kuma yana da nasa ciwon kai: ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti sai an riƙa gogewa, ga ɓarayi, ga jabun kaya. Amma mutum yana iya zama ya ƙidaya litar da yake sha a kowane ban ruwa, da yawan ban ruwa a rani ɗaya, ya san a rani na nawa kuɗinsa zai dawo. Mutum uku ko huɗu ma suna iya haɗa kuɗi su saya, su riƙa ba maƙwabta haya.

Wanda kuma ya ce shi dai sai ya taɓa na ƙetaren, to ya bi ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC ta Abuja, ya duba sunan dillalin a jerin hukumar da kansa. Ya nemi lissafin kamfanin na shekara uku a jere, ya ga abin da ya sayar da abin da ya kashe. Kuma kada kuɗin ya zama na taki, ko na iri, ko amanar da wani ya ba shi ajiya.