Yadda za a zaɓi katin sarrafa hoto mai amfani kafin sayen kwamfutar wasanni

Wanda ya sayi kwamfutar tebur, ya tarar ba ta ɗaukar wasan da yake so, yana iya buɗe ta ya zare katin sarrafa hoto ya sa wani. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka bai samu wannan gata ba. A kusan dukkan samfuran da ke kasuwa, ɓangaren da ke zana hoton wasa a sikirin, wanda ake kira GPU, an like shi da dalma a jikin madabod tun daga masana'anta. Ana iya ƙara ma'ajiya, a wasu samfuran ana iya ƙara RAM, amma katin hoto da shi aka sayi kwamfutar, da shi kuma za a rabu da ita. Wanda ya yi kuskure a nan zai zauna da kuskurensa shekaru, ko kuma ya sayar da hasara.

Saboda haka tambayar farko ita ce wane wasa za a buga, kafin a zo maganar wane kati za a saya. Yawancin masu wasa don nishaɗi, bayan an tashi aiki ko an dawo daga makaranta, ba su wuce wasan ƙwallo na EA Sports FC ko eFootball, da GTA V, da Minecraft, da Valorant ko Fortnite. Waɗannan ba su da nauyi sosai. Mafi ƙarancin katin da kamfanin EA ya gindaya wa FC 25 shi ne GTX 1050 Ti, wanda ya fito tun 2016, sannan ya ba da shawarar GTX 1660 ga mai son wasan ya tafi sumul. GTA V kuwa tun 2015 ya zo kwamfuta. Mai irin wannan buƙata ba shi da dalilin biyan kuɗin katin da aka ƙera domin sababbin manyan wasanni.

Hasali ma wasu ba sa buƙatar kati na daban ko kaɗan. Akwai GPU da ke zaune a cikin furosesa, yana aron RAM ɗin kwamfuta yana aiki da shi. A da irin wannan bai wuce kallon bidiyo da aikin ofis ba, amma abin ya canza. Radeon 680M da kamfanin AMD ya fitar a 2022, da Radeon 780M na 2023, da Arc da ke cikin furosesar Core Ultra ta Intel, duk suna ɗaukar ƙananan wasanni da tsofaffi idan an rage ƙawar hoto. Na'urar wasa ta hannu Steam Deck ma da irin wannan tsari take aiki. Sharaɗin shi ne RAM ya kai 16GB, kuma ya kasance sanda biyu ne ke aiki tare. Sanda ɗaya tana shaƙe irin wannan GPU, ta rage masa gudu ƙwarai. Ribar wannan zaɓi ita ce kwamfuta mara nauyi, mai riƙe caji, wadda ba ta cika zafi ba. Iris Xe na Intel, wanda ya yawaita a kwamfutocin hannu, ya fi waɗannan rauni: zai ɗauki Minecraft da Valorant, amma kada a sa masa rai da yawa.

Ga wanda ya yanke shawarar sayen kati na daban, samfuran Nvidia ne suka cika kasuwa. Jerin MX, irin su MX350 da MX450, sukan zo da ma'ajiyar hoto ta 2GB kawai, kuma sabon GPU na cikin furosesa yana kamo su ko ya wuce su, don haka ba su cancanci ƙarin kuɗi ba. GTX 1650 na 2019, mai 4GB, har yanzu yana ɗaukar wasan ƙwallo da GTA V, shi ya sa yake da farin jini a kasuwar kwamfutocin hannu. Daga nan sai RTX 3050, wanda ke da nau'i biyu, mai 4GB da mai 6GB. Mai saye ya tambaya a faɗa masa wanne ne. RTX 4050 na 2023 yana da 6GB, RTX 4060 kuma 8GB, haka nan RTX 5050 da RTX 5060 na 2025. Ga mai wasa a sikirin na 1080p, RTX 4050 ya wadatar. Idan tazarar farashi tsakaninsa da mai 8GB ba ta da yawa, ƙarin ya cancanta, domin ma'ajiyar hoto ce ke fara gazawa yayin da wasanni ke ƙara nauyi. Abin da ya haura haka, ga mai wasan nishaɗi, biyan kuɗin ƙarfin da ba zai taɓa amfani da shi ba ne.

Katunan RTX suna da wata fasaha mai suna DLSS, wadda ke zana hoto a ƙaramin girma sannan ta faɗaɗa shi, wasan ya ƙara gudu. GTX 1650 ba shi da ita, sai dai FSR ta AMD wadda ke aiki a kusan kowane kati.

Inda aka fi yaudarar masu saye shi ne sunan kati. Kamfanin Nvidia yana bai wa masu ƙera kwamfuta damar zaɓar yawan wutar da katin zai ja, kuma ga RTX 4050 da RTX 4060 zaɓin ya kama daga wat 35 zuwa wat 115. Ke nan kwamfutoci biyu za su iya zama a kanta ɗaya, da sitika iri ɗaya a jikinsu, amma ɗaya ta bar ɗaya a baya nesa ba kusa ba. Siririyar kwamfuta mai kyan gani ita ce galibi ake rage wa wuta, saboda ba ta da sararin fitar da zafi. Har yakan faru ƙaramin kati da aka sakar wa wuta ya kamo babban da aka matse. Tun 2021 Nvidia ta buƙaci kamfanoni su riƙa bayyana wannan adadi, kuma ana iya ganinsa a manhajar NVIDIA Control Panel, a sashen bayanan na'ura. Haka kuma kada a auna katin tafi-da-gidanka da takwaransa na tebur: RTX 3060 na tebur ya fito da 12GB, na tafi-da-gidanka kuwa 6GB ne, alhali suna ɗaya.

Akwai wata dabarar da ake yi a shaguna, daga Computer Village da ke Ikeja zuwa Banex a Abuja da Farm Centre a Kano, wani lokaci ma bisa rashin sani. Mai shago zai ce kwamfuta tana da girafik 8GB, ya nuna lambar a sikirin. A shafin GPU na Task Manager lambobi biyu ne: ma'ajiyar da katin ya mallaka, da wadda Windows ke ara masa daga RAM. Ta farko ce abin dubawa. Ta biyun tana nan ko da kwamfutar ba ta da kati na daban.

Sai batun wuta da zafi, wanda tallan kamfanoni ba ya taɓowa. Kwamfutar wasa tana rage ƙarfin katinta da kanta da zarar an zare caja, kuma batirinta ba ya jimawa ana wasa. Cajarta takan kai wat 150 zuwa 230, yayin da ta kwamfutar ofis ba ta cika wuce 65 ba. Wanda ya dogara da ƙaramin inbata ko sola ya yi wannan lissafi tun kafin ya biya kuɗi. A gidan da wuta ba ta zama, Radeon 780M da ake amfani da shi kullum ya fi RTX 4060 da ke jiran a kawo wuta. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara kuma yana sa katin ya rage gudu don kare kansa, saboda haka kwamfuta mai fanka biyu da manyan kafofin iska ta fi siririya dacewa da yanayin ƙasar nan.

Akwai akwatin kati na waje da ake jonawa ta kafar Thunderbolt ko USB4, amma kuɗin akwatin da na katin sukan kusa kai kuɗin wata kwamfutar.

Mai sayen ta hannu ya kula da shekaru. A watan Oktoban 2025 Nvidia ta daina fitar da sababbin direbobin wasanni ga jerin GTX 10 da na gabaninsa, a watan ne kuma Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10, ga shi Windows 11 ba ta karɓar yawancin furosesoshin Intel da suka girmi zubi na 8. Kwamfuta mai GTX 1050 da tsohuwar furosesa, komai arharta, ta kusa ƙarshen tafiyarta. Kafin a biya, a jona caja, a tabbatar ta asali ce mai cikakken wat, a kunna wasa na tsawon minti 20 ko 30 a cikin shagon. Kati mai matsala yakan yi lafiya a mintunan farko. Sai ya ɗauki zafi ne hoton ke fara tsinkewa, ko layuka su bayyana a sikirin, ko kwamfutar ta mutu da kanta.