Ƙarfin da Ke Riƙe da Naman Kasuwar Runjis

Shirin yau ya nufi kasuwar Runjis, wadda ke kimanin kilomita 7 kudu da birnin Faris na ƙasar Faransa, kasuwar da aka buɗe a 1969 bayan an kwashe dillalan abinci daga tsohuwar kasuwar Les Halles ta tsakiyar birnin, ta kuma mamaye fili mai faɗin hekta 234. A rumfunan nama, waɗanda suka koma can a 1973, mahauta kan rataye ɓarin sa a ƙugiya, ƙugiyar kuma tana gangarawa a kan layin ƙarfe da aka kafe a rufi, kuma a wannan ƙugiya ake iya ganin tushen fannin injiniya da ake kira sitatik, wato nazarin abin da ke tsaye cak alhali ana ja ko ana tura shi.

Ƙarfi, a bakin injiniyoyi, shi ne duk wani ja ko turi, ana auna shi da niyuton, kuma ƙasa tana jan kowane kilo ɗaya da kusan niyuton 9.8. Ɓarin sa mai kilo 200 yana jan ƙugiyarsa ƙasa da kusan niyuton 1,960, sarƙar da ke riƙe da shi kuma tana ja sama da daidai wannan adadin, shi ya sa naman bai faɗi ba. Wannan shi ne sharaɗin farko na daidaito: idan aka tara duk ƙarfin da ke aiki a kan abu, jimillar ta zama sifili.

Sai dai tara ƙarfi ya bambanta da tara kuɗi, domin ƙarfi bekta ne, wato adadi mai girma da alƙibla a haɗe, wanda ake zanawa da kibiya, tsawonta ya nuna girman, tsininta ya nuna inda ya dosa. A nan ne ɗalibai da yawa kan yi tuntuɓe, kuma wurin ya cancanci a tsaya a kansa. Idan aka rataye naman nan da sarƙoƙi biyu miƙe sambal, kowace tana ɗaukar niyuton 980. Idan kuwa aka ware kawunansu har kowace ta kwanta, ta yi kusurwar digiri 30 da shimfiɗar rufi, to kowace sarƙa ita kaɗai za ta ji niyuton 1,960, alhali naman bai ƙaru da ko giram ɗaya ba. Dalili shi ne wani kaso na jan kowace sarƙa ya tafi gefe, yana kokawa da jan ɗayar, rabi ne kawai ya rage yana ɗaga naman. Gwargwadon yadda sarƙoƙin suka ƙara kwanciya, gwargwadon yadda jan ke hauhawa, har su tsinke. Masanin lissafi Pierre Varignon ne ya tsara wannan hanyar haɗa ƙarfi a littafin da ya fitar a Faris a 1687, kuma har yau injiniyoyi kan jera kiban, gindin wannan a tsinin waccan, idan zanen ya rufe su san cewa ƙarfin ya daidaita.

Sharaɗi na biyu ya shafi juyi, wato ƙarfi a ninka shi da nisansa daga madogara, wanda shi ma dole jimillarsa ta zama sifili, kuma juyin ne ke sa motar ɗaga kaya a rumbunan kasuwar ta kife gaba idan aka ɗora akwatunan a bakin cokulanta, ko da nauyin bai wuce ƙa'ida ba. Louis Poinsot ya fayyace wannan ɓangare a littafinsa na 1803.

A birnin Liyon na Faransa akwai shaida mafi girma a kan ƙarfin da ke tafiya gefe. Zauren da mai zanen gine-gine Tony Garnier ya tsara domin kasuwar shanu, wanda aka fara amfani da shi a baje kolin 1914, yana da tsawon mita 210 da faɗin mita 80, ba tare da ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya ba. Bakunan ƙarfen da ke ɗauke da rufinsa suna yin aikin sarƙoƙin nan ne a juye, domin nauyin rufin yana bin su zuwa ƙasa a karkace, ƙafafunsu suna tura harsashi ƙasa da kuma waje, kuma dole harsashin ya tare wannan turin na gefe. Maginan ƙasar Hausa sun san haka da hannunsu, kamar yadda bakan gizo da kaurin bangon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, suka nuna.

Abin takaici ne cewa ana yawan rushe bango domin faɗaɗa shago, ko a cire ginshiƙi domin buɗe falo, ana duban nauyin rufi kaɗai, ba a tambayar inda turin gefe zai koma. Mai sauraron da ke shirin irin wannan aiki ya nemi injiniya ya yi masa lissafi kafin a ɗaga guduma.