SHAGON DA YA SHA FENTI: LABARIN ƘANANAN JAM'IYYU A ƘASAR GOBIR

Duk wanda ya saba shiga garuruwanmu na Arewa ya san irin wannan shago. Yana bakin hanya, kusa da tasha ko kusa da mai shayi. Da zaɓe ya matso sai a kama hayarsa, a shafe shi da fenti, a kafa tuta, a ajiye benci biyu a ƙofa. Bayan zaɓe da wata uku sai tela ya tare a ciki, ko mai cajin waya. In ka kankare bangon da farce za ka tarar da launin wata jam'iyya a ƙarƙashi, wata kuma a ƙarƙashin wannan.

A wannan wata muna so mu kai mai karatu gabashin Jihar Sakkwato, wato Sabon Birni da Isa, domin mu ga abin da ƙaramar jam'iyya take yi wa talaka, da abin da ake yi da ita.

Ƙasar da muke magana a kai

Nan ce tsohuwar ƙasar Gobir. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobirawa wanda ya faɗi a 1808, yana cikin wannan yanki. Daga arewa Jamhuriyar Nijar ce, inda sauran Gobirawa suke a Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga kudu kuwa Shinkafi ce ta Jihar Zamfara. Ƙidayar 2006 ta ba Sabon Birni mutum fiye da dubu 200, Isa kuma kusan dubu 150. Sabon Birni tana da mazaɓu 11, cikinsu akwai Kurawa, Gatawa, Tara, Tsamaye da Unguwar Lalle. Isa tana da 10. Ƙananan hukumomin biyu kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Mutanen manoma ne. Da damina gero da dawa da wake, da rani kuma aikin fadama a gefen gulbi. Ɗan uwa yana wannan ƙetare, suruki yana wancan, gama iyakar da Turawa suka ja ba ta raba aure da ciniki ba.

Hamayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Tun zamanin NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, akwai waɗanda suka ƙi bin NPC ta Sardauna, suka kuwa sha wuya a hannun 'yan doka da kotunan alƙalai. A 1979, ko da yake Alhaji Shehu Shagari ɗan jihar ne, GNPP ta Waziri Ibrahim, mai kiran "siyasa ba da gaba ba", ta sami fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un shugaban ƙasa a tsohuwar Jihar Sakkwato. Iyayenmu mata su tuna da wannan shekara, domin a cikinta ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, abin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda shi.

Jam'iyyar da ta fito daga Isa

Amma labarin da ya fi koya mana abu shi ne na DPP. Alhaji Attahiru Ɗalhatu Bafarawa mutumin garin Bafarawa ne a Ƙaramar Hukumar Isa. Ya yi gwamnan Sakkwato daga 1999 zuwa 2007 a ƙarƙashin APP, wadda daga baya ta zama ANPP. Mataimakinsa shi ne Alhaji Aliyu Magatakarda Wamakko. Suka ɓata, Wamakko ya ajiye muƙaminsa a watan Maris 2006. Bafarawa kuma ya bar ANPP, ya koma sabuwar jam'iyya, DPP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a cikinta, aka tsai da Alhaji Muhammadu Maigari Dingyaɗi takarar gwamna.

To, a nan sai a lura. A Legas ko Fatakwal, DPP ƙaramar jam'iyya ce wadda mutane da yawa ba su ko ji sunanta ba. A Isa da Sabon Birni kuwa jam'iyyar gwamna ce, ɗan gida. Saboda haka "ƙarama" da "babba" ya dangana ga inda mutum yake tsaye.

Aka yi zaɓe a watan Afrilu 2007. Bafarawa bai kai ƙuri'a dubu 300 ba a dukan Nijeriya, alhali an rubuta wa Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa fiye da miliyan 24. Wamakko, wanda ya shiga PDP ana dab da zaɓe, shi aka ce ya ci kujerar gwamna. DPP ta kai ƙara. A watan Afrilu 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke zaɓen, aka sake a watan Mayu, Wamakko ya sake ci. Shari'a ba ta ƙare nan ba. Ta yi ta ja har ta haɗa manyan alƙalan ƙasa biyu faɗa: Mai Shari'a Ayo Salami, shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya zargi Alƙalin Alƙalai Aloysius Katsina-Alu da sa baki cikin shari'ar Sakkwato, aka kuwa dakatar da Salami a watan Agusta 2011.

Yanzu ga abin da nake so kowane magidanci ya riƙe. A ƙarshen 2013 Wamakko ya bar PDP ya shiga APC. Bafarawa, wanda ya riga shi shiga APC, ya fita ya koma PDP a 2014. Wato sun yi musanyar gida ke nan. Dingyaɗi, wanda aka yi shekaru ana shari'a dominsa, ya zama ɗan jam'iyya ɗaya da Wamakko, a 2019 kuma Shugaba Buhari ya naɗa shi Ministan Harkokin 'Yan Sanda. DPP fa? A watan Fabrairu 2020 Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ta soke rajistar jam'iyyu 74, ta bar 18, ba kuwa DPP a cikin waɗanda aka bari.

Ban faɗi wannan don zagin kowa ba. Manya sun san yadda suke shiryawa, kuma shiri ya fi gaba. Abin da ke damuna shi ne na ƙasa. A kowane zaɓe akwai wa da ƙane da suka daina gaisawa, akwai maƙwabcin da ya ƙi zuwa sunan maƙwabcinsa, akwai yaron da aka ba abin maye da gora ya fasa kan ɗan unguwarsu. Manyan sun zauna a tabarma ɗaya tun tuni, waɗannan kuwa har yanzu ba mai ba wani aron garma. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa.

Me ya sa ba za a yar da su ba?

Wani zai ce, in haka ne a bar manyan jam'iyyu biyu kawai mana, kamar yadda Janar Babangida ya yi da SDP da NRC. Ni ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Tsarin mulkin 1999 bai ba kowa damar tsayawa takara da ƙashin kansa ba. Dole wata jam'iyya ta tsai da kai. A ce a Kurawa akwai mutumin kirki, tsohon malamin asibiti ko tsohon hedimasta, wanda jama'a suke so ya zama kansila. Manyan jam'iyyu sun riga sun ba yaran masu gida tikiti. Ina zai bi? Ƙofa ɗaya ce ta rage masa, ita ce ƙaramar jam'iyya. In aka rufe ta, an rufe bakin mutanen Kurawa ke nan.

Doka kuma ba ta nemi abu mai yawa daga ƙaramar jam'iyya ba. Bisa ga sashe na 225A na tsarin mulki, kujerar kansila ɗaya tak, a ko'ina cikin Nijeriya, ta isa ta hana a soke rajistarta. Jihar Sakkwato kaɗai tana da mazaɓu 244. Amma duk da haka yawancinsu sukan tsallake wannan ƙaramar kujera, su tafi neman fadar shugaban ƙasa. A 2019 jam'iyyu 91 ne suke da rajista, mutum 73 suka nemi shugabancin ƙasa. Takardar ƙuri'ar ta yi tsawo har tsofaffi suka rasa inda za su dangwala. A ajinmu, yaron da bai iya jimla ba, ba mu kan ba shi dogon rabawa.

Sai dai kuma laifin ba nasu kaɗai ba ne. Zaɓen ƙananan hukumomi ba Hukumar Zaɓe ta Ƙasa ce take shirya shi ba, hukumar zaɓe ta jiha ce, gwamna kuwa shi ke zaɓen mutanenta. A watan Maris 2021, lokacin da PDP take mulkin Sakkwato, APC ta ƙaurace wa zaɓen, PDP ta kwashe ƙananan hukumomi 23 duka. A watan Satumba 2024, da APC take mulki, PDP ta ƙaurace, APC ta kwashe 23 duka. In babbar jam'iyyar hamayya ba ta ga amfanin shiga fili ba, ina ga mai shago ɗaya da benci biyu? A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci ne mai kyau, amma bai taɓa yadda ake shirya zaɓen kansa ba.

Akwai wani amfani kuma da manya suke yi da su, wato gidan haya. A watan Yuli 2025 wasu manyan 'yan hamayya suka tare a cikin ADC, wadda a dā ba ta da wani ƙarfi. Mai haya dai ba ya gyaran katanga.

Zaɓe a ƙasar da ba barci

Duk abin da muka faɗa, da a ce ana zaune lafiya, da sauƙi. Amma mutanen wannan yanki sun ga abin da baki ba ya iya faɗa. A watan Mayu 2020 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A watan Disamba 2021 aka tare motar matafiya aka ƙone su a ciki. A watan Agusta 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan ya yi makonni a hannun waɗanda suka sace shi. Ƙauyuka da yawa sun biya harajin dole kafin a bar su su yi noma ko girbi. A 2021 aka datse layukan waya na wani lokaci, aka rufe wasu kasuwanni. An rufe iyakar Nijar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Yamai na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024.

Ka duba abin da wannan ya yi wa zaman gari. Mutanen ƙauye suka kwararo cikin Sabon Birni da Isa, suka cika gidajen dangi da azuzuwan makaranta. Manomin da yake cika rumbu biyu ya koma ɗan kabu-kabu ko mai tura ruwa. Matar da take tatsar shanunta ta koma yin wankau. Mutumin da ke cikin wannan hali, in aka miƙo masa taliya da sabulu da ɗan kuɗi ranar jajiberin zaɓe, wa zai iya ganin laifinsa? A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar Naira ta yi wuyar samu har ƙaramin abu ya zama babba. Ƙaramar jam'iyya kuwa ba ta da taliyar rabawa, ba ta da motar da jami'an tsaro za su raka zuwa Tsamaye ko Gatawa, ba ta da kuɗin sa wakili a kowace rumfar zaɓe. Rumfar da ba ka da wakili, abin da aka rubuta shi ne naka.

Lissafin 2023 ya nuna haka. A zaɓen shugaban ƙasa a Jihar Sakkwato, PDP da APC kowacce ta sami fiye da ƙuri'a dubu 280. Jam'iyyar Leba ba ta kai dubu 7 ba. NNPP, wadda ta ci Kano, ba ta kai dubu 2 ba. Zaɓen 'yan majalisun tarayya na jihar kuwa, saboda hargitsi da fasa akwatuna, an ce bai kammalu ba, sai a ranar 15 ga Afrilu aka ƙarasa shi.

Akwai kuma waɗanda ba a lissafa su ko kaɗan. Dubban mutanen Sabon Birni da Isa sun ƙetare iyaka tun daga 2019, suna zaune a ƙauyukan Jihar Maraɗi, wajajen Gidan Rumji da Cadakori. Wanda ya yi gudun hijira zuwa cikin gari a Nijeriya yana iya neman a mai da rajistarsa inda yake, in ya je da wuri lokacin da hukuma ta buɗe rajista, sa'an nan ya koma ya karɓi katinsa. Iyalan da suka sauke baƙi a gidajensu su taimake su da wannan, musamman mata da tsofaffi waɗanda ba su iya karatu ba. Wanda yake ƙetaren iyaka kuwa, a zaɓen 2023 dokar Nijeriya ba ta ba shi hanyar jefa ƙuri'a daga can ba. Sunansa yana nan cikin rajistar Kurawa, shi kuwa yana Gidan Rumji yana jiran ranar da hanya za ta biyu.